Maganin Gara da Na Aika Gida

Ranar Asabar, ƙarfe biyar da rabi na asuba, na fito daga gidana a Tawa. Matata Rabi ta rako ni ƙofa da fitila, maƙwabcina Isa mai kabu-kabu yana jira a waje da babur ɗinsa. Ba wanda ya tashi sai su biyu.

Ga dalilin tafiyar. Mahaifinmu ya bar mana gona arewa da Tebaram, wadda ta zama fako tun yana raye. In ruwa ya sauka sai ya gudu kamar a kan siminti. Ƙanena Sanusi ya daɗe yana haƙa tassa a cikinta, wato ramuka jere-jere da ake zuba wa taki a shuka hatsi ciki. Ya ce in bana ba ta yi ba, Libiya zai tafi. In ya tafi kuwa, sai an rufe gida an kawo Innarmu birni, abin da ta rantse ba za ta yi ba.

A kasuwar Lahadi wani ɗan garinmu ya gaya mini gara ta cika ramukan. Ni gara ta taɓa cinye mini azarar ɗaki, na san aikinta. Na sayi magani mai ƙarfi, na aika da shi tare da saƙon a zuba cikin kowane rami kafin in zo. Ni ne babba, kuma a gidanmu ba a ja da maganata. Na tashi ne in ga ko an cika umarni.

Daga Tawa

A tasha na sha shayi da burodi, na biya jika huɗu, wato sefa dubu huɗu, kuɗin mota. Motar tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya. Direba ya ce yanzu za mu tashi, ba mu tashi ba sai bakwai da rabi, bayan an ɗora buhunan gishiri da awaki uku. Saboda furfura aka ba ni gaba, kusa da wata dattijuwa mutuniyar Bambeye mai suna Dije, za ta suna Tebaram.

A bakin gari jandarma suka tsayar da mu, kowa ya miƙa katinsa na shaida. Nawa yana cikin leda, ledar cikin aljihun ƙirji. Jandarman ya ce da kowa haka yake da sun huta.

Mun bar kwalta mun hau jar hanya. An yi ruwan shuka, daga nan sama ta ɗauke. Dama da hagu hatsi ya tsiro ya lanƙwashe, wani iska ta binne shi da yashi. Sai a wani tudu muka ga kore a jere cikin ramuka. Dije ta nuna da haɓa.

"Waɗanga sun yi tassa. Su ba su kuka tukuna."

Na ce mu ma muna da ita, sai dai gara ta shiga, amma na riga na aika da magani.

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Maganin mi?"

"Na gara."

"Malam, kana noma kuwa?"

Na ce ni gardi ne a lakkal, wato mai gadin makaranta, amma ɗan manomi ne.

"To ɗan manomi, ka aika a kashe maka 'yan ƙodago. Don gara anka zuba takin. Ita ka zuwa ta ci, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwa ya bi ya sauka. Kai kana iya huda fako da allura? In ta mutu, raminka ya zama kwano, rana ta shanye."

"Ba ta cin hatsin?"

"Busasshe take so. Mai taki gabanta, mi za ta yi da ɗanye?"

Direba ya yi dariya har ya bugi sitiyari. "Baba, da ka ba ni saƙon da na manta da shi, ka huta."

Na ciro waya in kira Sanusi, babu rezo, layi ba ya shiga. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah a ƙi bin maganata ba sai ran nan.

Tebaram

Taya ta fashe a wani kori, wato busasshen rafi, muka sauka muka zauna ƙarƙashin aduwa har azahar ta wuce. Dije ta ba ni fura a ludayi, ta ce in sha, damuwa ba ta ɗinke taya. Sai bayan la'asar muka shiga Tebaram.

Na nemi amalanke nan take. Mai ita ya ce ba ya fita daji da marece, kuma yanzu ba mai yi. Na sauka gidan abokin mahaifina, Baba Idi mahauci. Aka kawo tuwo da miyar kuka, na ci loma kaɗan. Ya tambayi abin da ke damuna, na gaya masa. Ya ce, "Sanusi bai taɓa ƙetare maganarka ba ko?" Na ce bai taɓa ba. Ya ce, "To, Allah shi kyauta." Wannan bai ƙara mini barci ba.

Gona

Da sassafe muka tashi a amalanken, jaki yana tafiya kamar an yi masa dole. Ƙa'idata ita ce gida tukuna, gaisuwa, sannan gona. Ran nan na sauka a gona.

Sanusi yana can da hauya. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ido yana kan ramuka. Hatsi tsaye, kore shar, kowane rami da nasa. Tsakanin layuka ya bar sabara da 'yan gawo sun tofo, sun tare iska. Na soka sandata a gefen rami, ta yi ƙara kamar dutse. Na soka a ciki, ta nutse. Na tona da yatsa, ƙasa da sanyi, ga gara tana ta kai da kawo. Na zauna a ƙasa da rigata mai guga.

"Ina maganin?"

Ya sunkuyar da kai. "Yana wurin Inna."

"Me ya kai shi can?"

"Yaya, ni ban isa in ƙi maganarka ba. Na kai mata ajiya kahin in samu lokaci. Da na koma, ta ce ba ta ba ni."

Na duba lissafin: ni na fi shi, ita ta fi ni. Babu inda aka karya tsari.

Gida

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta. Ta juya wajen Hassana matar Sanusi.

"Hassana, gaya ma baƙonku shi ɗauki abinai, yana can rataye bisa. Kaji gare ni."

Hassana ta maimaita, tana danne dariya.

"Ki ce mishi kuma, an ce raguna biyu gare shi birni. In kirki yake so, kashinsu munka fi buƙata."

Na ce na ji. Da za mu ci abinci na tambayi Sanusi zancen Libiya. Ya ce, "Bana dai ina nan, Yaya. Akwai sauran fako wajen gabas."

Komowa

Talata na kama hanya, da direban nan dai. Ya ga ƙunshin a hannuna ya ce, "Baba, 'yan ƙodago sun tsira?" Na ce sun tsira. Kafin mu kai rabin hanya hadari ya haɗo daga gabas, muka shigo Tawa jiƙe da magariba. Maganin na zuba shi a gindin azarata, inda ya dace. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Idi da ya sauke ni, da Dije da ban san gidanta ba.

Yanzu roƙona gare ku, mutanen Tawa masu kiwo a gida. Kashin tumakin da kuke sharewa ku zubar a kwata, ku tara shi a buhu ku aika ƙauye kafin bazara. Wanda ba shi da inda zai aika, ya kawo mini ƙofar lakkal. Buhuna biyu sun riga sun cika, kuma fakon gabas yana da faɗi.