Teku a Cikin Rabin Duro

Ranar wata Laraba ce, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a wani gida da ke bayan kasuwar Daura. Mu biyu ne kawai a tsakar gidan, ni da wata dattijuwa mai sana'ar sabunta takarda. Abin da ya faru a wannan hantsin ba zai bar raina ba muddin ina numfashi.

A lokacin ina cikin wata na uku na gwaji a wani ƙaramin gidan rediyo. Mu biyu ake gwadawa, gurbin kuwa ɗaya ne. A makon ne labari ya zo cewa tsunami, wato ambaliyar teku, ta afka wa wata ƙasa mai nisa, sai shugaban sashenmu ya ba ni minti biyar a shirin la'asar in bayyana wa masu sauraro yadda abin ke faruwa. Na rubuta shafi biyu da nake alfahari da su. Da safe na karanta masa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire tabarau.

"Malama, na ji Hausa, amma ban ga ruwa ba," in ji shi. "Manomin Zango bai taɓa ganin teku ba. Idan bai gan shi ta bakinki yau ba, zan ba abokin gwajinki filin."

Daga nan na tafi hirar da aka riga aka tsara mini da dattijuwar, don shirin sana'o'in mata, zuciyata kuwa ba ta wajen. Ita ta zaga da ni tana bayani tiryan-tiryan. Tsofaffin littattafan makaranta da takardun ofis ake kawo mata a buhu. Da farko a cire leda da ƙananan ƙarafan da ake maƙale shafuka da su, a yayyage takardar, a jiƙa ta kwana biyu. Sai a kirɓa ta a turmi har ta koma kamar gasara, a wanke da garin sabulu don tawada ta fita, a zuba a rabin duron da aka tsaga ta tsawo, a cika da ruwa. Daga nan ta nutsa wata raga da aka ɗaure a katako mai kusurwa huɗu, ta ɗago ta a hankali, ƙullin ya kwanta a kai. A matse, a shanya a rana, ya zama kwali mai kauri da teloli da masu sayar da hula ke saye.

"Kowace dawowa zarenta na ƙara gajarta," in ji ta. "Takarda ma tana tsufa, kamar mu. Shi ya sa nake haɗa ta da wadda ba a taɓa jiƙawa ba, ta riƙe mata ƙashi."

Na kashe rikoda, na ciro shafukan nan biyu daga jaka na dunƙule su don haushi. Idonta ya kai kansu.

"Kawo nan, 'yar nan. A gidan nan ba a yi wa takarda jana'iza."

Na miƙa, amma ba ta jefa a ruwan ba. Ashe tana da ƙa'idar da ba ta taɓa karyawa: duk takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba ta shiga turminta, gefe take ware ta. Rubutun Arabiyya tana gane shi da kanta, na boko kuwa surukarta ce ke duba mata, ga shi ranar ta tafi asibiti awo.

"Karanta mini in ji," ta ce.

Na tsaya na karanta mata da muryar rediyo, har da dakatawa inda ya dace. 

"To, babu sunan Allah a ciki," ta ce. "Babu kuma abin da na gane. Ki faɗa mini da bakinki, ba da bakin takarda ba."

Na ji kunya, amma na daure. Na ce ƙasan teku ba a dunƙule yake ba, manyan falalen duwatsu ne, wani na kutsawa ƙarƙashin wani a hankali. Sukan maƙale shekara da shekaru, nauyi na taruwa, har ran da ɗaya zai kufce ya zabura sama, ya ɗaga ruwan da ke kansa.

"Ba iska ce ke kawo shi ba ke nan?"

"A'a, Inna."

"Dama na yi mamaki. Iska fuskar ruwa kawai take shafa. Duba."

Ta sunkuya ta hura ruwan duron, 'yan ƙananan layuka suka yi rawa a sama suka mutu. Sai ta ɗauko wani faffaɗan faranti ta nutsa shi har gindin duron, ta danne da tafin hannu, ta jira ruwan ya kwanta. A ɗaya ƙarshen, inda nake tsaye, akwai wani katako da take jinginawa a karkace don tsane raga.

"Wannan katakon shi ne bakin tekunki. Ki sa ido a kansa."

Ta karkata farantin da ƙarfi sau ɗaya, gefen da ke wajena ya yi ƙasa, ɗayan ya yi sama. A tsakiyar duron ban ga abin kirki ba, ɗan tudu ne kawai ya wuce da sauri. Amma a jikin katakon sai ruwan ya ja da baya, ya bar ƙullin takarda a fili. Na matsa in duba da kyau. Kafin in ɗaga kai ya dawo ya haye katakon, ya kwararo mini a zani da takalmi, na biyu ya biyo bayansa.

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ke da kika yi boko! Ruwa ya ja da baya, ke kuma kin bi shi kallo? Duk ruwan da ya janye haka kawai, gayya ya tafi yi."

Ina tsaye a jiƙe na fahimci abin da na rubuta ban fahimta ba. Ruwan duka ne ke motsi, daga gindi har sama. A zurfi yana gudu a kwance, har jirgin ruwa zai iya ratsa shi bai sani ba. Da ya iso inda ƙasa ta taso, na gaba ya rage gudu, na baya ya hau kansa, ya zama bango. Kuma ba sau ɗaya yake zuwa ba. Matar nan ba ta taɓa wuce Kano ba, amma shekarun da ta yi hannunta a cikin ruwa sun sanar da ita halinsa, ta kuma san tambayar da ya kamata a yi.

Da la'asar na shiga ɗakin watsa shiri da ɗanyen zani, babu takarda a hannuna. Na ce wa masu sauraro kowa ya ɗauko baho da faranti. Ta cikin gilashi na hango shugaban sashenmu ya ajiye alƙalami yana kallona.

Ranar na koyi cewa abin da ba ka iya nuna wa mutum da kayan tsakar gidansa ba, kai ma ba ka gama saninsa ba, kuma ilimi ba ya tambayar inda mai shi ya yi makaranta. Ni aka ba gurbin. Bayan mako guda dattijuwar ta aiko mini da kwali ɗaya wanda shafukan nan biyu ke cikinsa, har yau shi nake ɗora takarda a kai idan zan karanta labarai.