Ranar da Inna Ta Kira Sunan Yaya

Yayana ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa. "Kai yaron nan," shi ke nan. Ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai, Kaka ta ɗaga shi. Kunyar ɗan fari a gidanmu na Tudun Wada ba wasa ba ce.

Sai Allah ya yi jininsa bai haɗu da gyaɗa ba, a zamanin da Turawa ba su tafi ba, kowa ita yake nomawa ana kaiwa Kano. Ko ƙuli-ƙuli ya taɓa, borin jini zai feso masa, leɓe ya kumbura. Mutane suka ce tsirfa ce. Inna ba ta musu da kowa. Tukunyarsa daban, ludayinsa daban, miyarsa da man shanu, ni ƙanwarsa nake miƙa masa, wai ita ba ruwanta.

Ranar sunan ɗan goggonmu, gida cike da mata, wata tsohuwa baƙuwa ta miƙa wa Yaya kunun gyaɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce ba ya sha.

"Ɗan nan, ni za ka mayar wa hannu? Kurɓi kaɗan, da haka ake sabawa."

Ya kurɓa, don ladabi. Har yau in na tuna tsohuwar nan raina ɓaci yake.

Kafin a ankara fuska ta haye, murya ta shaƙe, numfashi yana fita da fito. Wannan ta ce a ba shi madara, waccan ta ce a jira maza. Inna kuwa ta riƙe abin da malamin asibiti ya taɓa gaya wa Baba: in abin ya kai maƙogwaro allura ce kaɗai maganinsa, kada a ɗura masa komai, kada a jira kowa.

Ta ratsa taron, ta ƙwala wa Yaya kira da sunansa. Ta goya shi, ƙaton yaro ƙafafu na reto, ta fice ba mayafi sai asibitin sha-ka-tafi, ina binta da gudu. Aka yi masa allura, can ya ja numfashi.

Da muka dawo mata suka dasa tsokana, wai yau kunya ta faɗa rijiya.

"Mai rai ake jin kunyarsa," in ji Inna.

Washegari ta koma "kai yaron nan". Yaya ya yi furfura yana cewa sau ɗaya ya ji sunansa a bakin Inna, kuma ya ishe shi.