Ranar da Inna Ta Kai Auta Wurin Kura

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba a zamanmu na Suleja, ba sai na yi dogon tunani ba. Ranar da surukata ta kwashe mu zuwa gidan zu ce, wurin kallon namun daji.

Lokacin muna zaune a ɗaki biyu, cikin wani gida mai cike da 'yan haya. Maigidana a Abuja yake aiki, ya fita da asuba, ya dawo yara sun yi barci. 'Ya'yanmu uku, autan kuwa shi ne damuwata. Ya kusa shekara biyu bai fara tafiya ba, alhali sa'o'insa har gudu suke yi. Likita ya lallatsa ƙafafunsa ya ce lafiya lau, mu ƙara haƙuri. Haƙuri kuwa da wuya idan kullum matan gida suna tambayarki, "Har yanzu?" da irin tausayin nan da ya fi zagi ciwo. Na sha kuka a ɓoye, don na fara tsoron gurgu na haifa.

Da babbar Sallah sai ga Inna, mahaifiyar maigidana, daga ƙauye. Ta ɗaga yaron ta jujjuya shi, ta ce, "Wannan mijin nawa tsoro ne ya riƙe masa ƙafa. A ɗora shi a bayan kura, shi ke nan." A garinsu haka ake yi wa yaron da ya ƙi tafiya, idan masu wasa da kura suka zo. Ba a musu da suruka, sai dai ina cewa a raina ina za ta samo kura a Suleja? Ashe ban san Inna ba. Kafin a gama suyar nama ta ji a bakin wata maƙwabciya cewa wani ya buɗe gidan zu a hanyar Madalla. Sai ta ce za ta kai jikokinta yawon Sallah.

A bakin ƙofa an zana zaki da giwa da raƙumin dawa, manya-manya. Da muka shiga, biri ɗaya muka tarar yana tsotsar ledar ruwa, sai jimina da rabin gashinta ya zube, da zomaye, da kunkuru yana yawonsa don shingensa ya faɗi. Akwai kuma wani rago da aka ce daga ƙasar waje yake, amma ni ban ga bambancinsa da wanda muka yanka ba. Yarinyata babba ta tambayi mai gadin wurin ina giwa, ya ce tana hanya. Ta ce zaki fa?

"Zaki ya tafi Abuja, an yi hayarsa wurin wani taro," in ji shi.

"Shi ma sai dare yake dawowa, kamar Baba?"

Inna ba ta tsaya wannan ba, kai tsaye ta nemi kejin kura. Kurar tana nan kuwa, tsohuwa, a kwance, ƙudaje sun baibaye ta. Mai gadin ya ce, "Mama, oga ya hana, ba a taɓa ta." Inna ta kwance ƙullin soyayyen naman Sallah ta ajiye masa a kan benci. Nan take dokar oga ta fara laushi. Mutane suka taru, sai na gane ba mu kaɗai muka zo da buƙata ba. Wani kashin kurar yake so na hayaƙi, wata gashin jelarta take nema saboda shagonta ya yi kasuwa. Yara ne kawai suka zo kallon dabbobi.

Hankalina bai tashi ba sai da na ji mai gadin yana cewa ba su da takunkumi, amma zai ɗaure mata baki da robar taya. Robar taya, a bakin kura, ɗana a bayanta! Na kwance goyon na dire shi a ƙasa can nesa da kejin, na ce wa yayarsa ta kula da shi. Na je na durƙusa gaban Inna, abin da ban taɓa yi ba a kan wata magana tata.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri, a bari. Gara ya zauna a haka da a ce ta juyo."

"Ke 'yar nan, ubansa ma an ɗora shi, ga shi kullum sai ya je Abuja da ƙafarsa."

Muna cikin haka yarinyata ta ƙwala kira, "Umma! Umma, dube shi!" Na waiwaya. Ga auta a tsaye, hannuwa a sama, yana tangaɗi yana bin kunkurun nan. Ya faɗi, ya miƙe, ya ci gaba. Kunkurun bai yi sauri ba, shi ma bai yi ba, haka suka ratsa filin. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ina kuka ba.

Inna ta rangaɗa guɗa ta ce, "Kun gani? Warinta kawai ya ji!" Ai kuwa sai iyaye suka yi caa a kan kejin, kowa yana tura hancin ɗansa jikin waya. Kurar ko kai ba ta ɗaga ba.

Sai a mota na yi tunanin abin da kyau. Tsakar gidanmu rijiya ce a buɗe da murhun mutane da kwata, saboda haka yaron nan daga bayana sai kan gado, daga gado sai bayan yayarsa. Ba a taɓa ajiye shi a fili aka juya masa baya ba sai ranar.

Har Inna ta rasu tana gaya wa mutane kura ce ta warkar mata da jika, ni kuma ban taɓa musa mata ba. Abin da na koya na riƙe shi a raina: wani lokaci ba magani yaro yake buƙata ba, so yake uwarsa ta yi ƙarfin hali ta sauke shi ƙasa.