Babban da Ba Ya Taɓa Mara Lafiya

Ranar da lokotorin ciwon daji, wato likitoci, suka sauka Diffa, ba ta fita daga kaina ba har yau. Bayan shekara ta dubu biyu ne da kaɗan, lokacin tsinkar tattasai. Ni Ya Falmata, shara da wankin zannuwa aka ɗauke ni yi a lopital, asibitin garin, amma duk sa'ad da Faransanci ya ci karo da Barbarci, ni majo, shugaban masu jinya, yake kira, in mayar da Barbarcin Hausa, shi ya mayar Faransanci.

Su uku suka zo daga Yamai. Ku yara, ciwon daji ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai mai yanka ya cire ƙullutun. Akwai mai duba tsokar da aka cire a madubi, ya faɗi ko daji ne. Akwai mai ƙarin ruwan da ke zubar da gashi. Na huɗu, mai gasa ciwon da hasken na'ura, sai an ƙetara ƙasa.

Aka shigo da Ba Ari, manomin tattasai daga Shetimari, da ƙullutu a wuya kamar ƙwan zabuwa. Na zayyana masa su. Ya jawo takalmansa.

"Ya Falmata, ni ba na kai kuka wurin yaran gida. In ba babbansu zai taɓa ni ba, gona zan koma."

In ya koma, ƙullutun zai kai shi kabari. Na duba su, na nuna mai tumbi da furfura. Majo ya ja mini zane: "Wannan mai madubi ne, shekararsa ashirin bai taɓa mai rai ba. Mai yankan ga ta can." Wata siririyar yarinya mai tabarau!

Na ce, "Majo, ni ba na nuna mutum sau biyu."

Na ja mai furfurar gefe na faɗa masa dabarata, majo yana fassara. Ya yi ta gumi, ya yarda. Na sa masa kujera a tsakiyar ɗaki, na ɗauki mafici ina masa fifita. Ya yi gyaran murya, ya nuna yarinyar da yatsa.

Na ce, "Ba Ari, babba ya ba da umarni: ita za ta yanka, ta kai masa tsokar ya duba aikinta."

Ba Ari ya ajiye takalman. "Haka ne. Ni ma rabona da tsinkar tattasai da hannuna tun ina da haƙora."

Aka yanka, aka kai shi Yamai ƙarin ruwa. Da kaka ya dawo, kai fes babu gashi, wuya lafiya, da buhun tattasai na babba. Na tambaye shi na yarinyar fa? Ya ce a gaishe ta, ta ci gaba da biyayya, wata rana za ta zama lokotoro.

Abin da na koya ke nan: su masu aikin sun raba shi gida-gida, kowa da nasa, amma mutumin bakin kogin Komadugu sai ya ga mai gida kafin ya miƙa wuya. In babu, a samo mai tumbi, a ba ni mafici.