Karkatar Arzika Mai Fito

Duk wanda ya taɓa haye gulbi daga Argungu zuwa tsallake a shekarun samun 'yancin kai, ya san Arzika mai fito, ko da bai san sunansa ba. Tun daga nesa ake gane shi. Idan ka hango jirgi yana tahowa, mai tuƙin yana tsaye a baya da gwangwala a hannu, kafaɗar dama ta zube ƙasa, ta hagu ta ɗage sama, ƙafa ɗaya a kan bakin jirgi, malfa mai yagaggen gefe ta kwanta bisa kunne, to ba sai ka tambaya ba.

Karkatar nan tana da asali. Yana saurayi dorina ta kifar da jirginsu a ƙasan garin Gulma, kafaɗarsa ta karye. Maɗorin da aka kai shi wurinsa tsoho ne, idonsa ya fara hazo, ya ɗora ta yadda Allah ya nufa. Kafaɗa ta warke, ƙarfi ya dawo har ya fi na da, amma ba ta ƙara komawa daidai da 'yar'uwarta ba. Mutanen gari suka sa masa Arzika Karkata, a bayan idonsa dai, domin mutum ne mai saurin hawa.

Kowa ya san da karkatar nan in ban da mutum ɗaya, wato shi Arzika. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Madubin gidan kuwa na matarsa Kulu ne, ɗan mitsitsi, ido ɗaya kawai yake ɗauka lokacin sa kwalli. Da taubashinsa Yari, wanda shi ma ɗan fito ne, ya taɓa nuna masa inuwarsa a cikin ruwa, sai Arzika ya yi tsaki ya ce, "Ruwa ka karkata ta. Ni miƙe nike awa giginya." Yari ya ce lallai gwano ba ya jin warin jikinsa, Arzika ya bi shi da gwangwala har bakin gaɓa.

Ɗansu na fari shi ne Sama'ila. Saboda alkunya irin ta ɗan fari, babu mai kama sunansa a cikinsu. Kulu tana cewa "yaron nan", Arzika yana cewa "wancan". Tun yana shekara bakwai yake zaune a cikin jirgin ubansa, yana kwarfe ruwa da ƙoƙo, idonsa a kan mai tuƙi. Ba a koya masa komai da baki ba. Ranar da aka fara miƙa masa gwangwala, ya tashi ya zubar da kafaɗar dama, ya ɗage ta hagu, ya ɗora ƙafa a bakin jirgi. Arzika ya daka masa tsawa ya ce ya miƙe. Shekara goma ana wannan tsawa, tsayuwa ba ta canza ba.

Abin ya zo ƙarshe ne wata ranar kasuwa, shekara guda kafin a sauke tutar Turawa. Jirgi cike da mata masu albasa, Sama'ila na tuƙi, ya riga ya zama saurayi har da ɗan gemu. Arzika ya dube shi ya ce da ƙarfi, "Miƙe, don Allah! Wa yak koya maka wagga tsayuwa ta guragu?" Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya. Uban suke yi wa, amma saurayin ya ɗauka shi ne. Da suka kai gaɓa ya ajiye gwangwala a hankali, ya ce tunda haka ne zai tafi inda ake koya wa mutum tsayuwa, ya ji ana ɗaukar soja a Sakkwato.

"In kat tahi," in ji Arzika, "ƙahwakka ba ta ƙara taka jirgina."

A gaban rabin kasuwa ya faɗe ta. Magana kuwa zarar bunu ce. Sama'ila ya tafi, daga Sakkwato zuwa Zariya, daga baya aka ji an kwashe su zuwa ƙasar Kwango aikin kwantar da rikici.

Wasiƙu suna zuwa jefi-jefi, malamin makaranta ya zo zaure ya karanta. Kulu takan zauna a bakin ƙofa, Arzika kuwa ya juya baya wai yana gyaran homarsa ta kamun kifi. Gaisuwarsa ce ke zuwa can ƙarshe, layi ɗaya tak, bayan an gaida kowa har da akuyar Kulu. Amma Kulu ta lura cewa hannunsa ba ya motsi a kan homar sai an karanta wannan layin. Gaskiyar magana, Arzika yana kewar ɗansa ƙwarai. Bai dai san yadda ake haɗiye maganar da aka faɗa a gaban masu albasa ba.

A shekara ta huɗu saƙo ya zo daga Birnin Kebbi. Wani abokin aikin Sama'ila, Kofur Zakka, ya dawo hutu wurin iyalinsa, ya ce a zo a karɓi tsaraba. Kulu ta shiga mota tana tunanin atamfa. Matar Zakka, Cecilia, ta tarbe ta da ruwa da tuwo, sannan aka jawo wani abu mai faɗi naɗe cikin tabarma. Ƙyalle ne kam, amma ya yi tauri da fenti, an kafa shi a jikin katako. Zakka ya ce a bakin babban kogin can akwai masu zane, sojoji na saye a wurinsu. Kulu ta dubi zanen sau ɗaya ta fashe da dariya, ta yi ta yi har hawaye suka zo. Da dariyar ta ƙare hawayen ba su tsaya ba, Cecilia ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu.

Kogi ne mai faɗi da yamma, sama ta yi ja, itatuwa baƙi ƙirin a can tsallake. A tsakiya jirgi ɗaya, da mutum ɗaya tsaye, ya ba mai kallo baya. Kafaɗar dama a zube, ta hagu a ɗage, ƙafa a bakin jirgi, malfa mai yagaggen gefe.

Da ta kawo shi gida aka kira liman ya duba ko ya halatta a rataye. Liman ya ƙura wa mutumin ido, ya saci kallon Arzika, ya yi tari, ya ce tunda ba fuska a bar shi. Aka kafa ƙusa a zaure. Kulu kuma ta bi gida gida tana jan kunne: kada wanda ya gaya wa maigida ko wa aka zana, wanda ya aiko shi ne zai faɗa da bakinsa.

Zauren Arzika ya zama wurin kallo. Mata suna son jan saman nan, wata ta ce da za a rina mata zane haka da ta gode. Manoman shinkafa na gardama ko ƙasar tsallaken za ta yi shuka. Masunta na musu ko akwai giwan ruwa a irin wannan kogi. Amma babban alƙali shi ne maigida, kuma a yi masa adalci, yana da ido. Yakan tsaya ya nuna da kara.

"Ku dibi nan da yas sa baƙi-baƙi. Zurhi na, ya kai gaba ukku. Nan kuwa da yay yi hwari-hwari, yashi na, jirgi na iya kahewa. Wanga mutum ya san ruwa. Ruwanai tahiya shika yi, ba kwance shike ba."

Sai Yari ya gyara zama ya ce, "To, mai jirgin hwa?"

Nan ake yinta. "Mai jirgin? Kai, nan aiki yal lalace! Wa ka tsayi haka bisa ruwa? Iska guda za ta kada shi. Ga malhwatai duk ta yage, ko matatai ba ta iya ɗunki? Wanga in yaz zaka neman aiki gare ni, ko kwarhe ruwa ba ni ba shi."

Mutane su yi ta tari, wasu su fita waje da gudu wai sun tuna wani abu. Yari kuwa ya ce, "Gaskiyakka, taubashi. Ni ko ban taɓa ganin irinai ba." Daga cikin gida sai a ji Kulu ta ce malfar mutum ba ta ɗinkuwa in bai cire ta daga kansa ba. Arzika ya ce ina ruwanta da malfar mutumin Kwango.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne zanen yana yi masa zafi. Bayan sallar asuba, kafin ya sauka gulbi, yakan tsaya shi kaɗai a gabansa. A ganinsa baƙar magana ce wancan ya aiko: ga shi, duniya cike take da masu karkata irina, kuma har zana su ake yi. Duk da haka bai sauke shi ba. Ranar da zaure ya yi yoyo, da hannunsa ya matsar da ƙusar.

Da damina ta yi tsakiya wasiƙa ta zo: Sama'ila ya gama aikinsa, zai sauka Argungu ran Alhamis da motar Sakkwato. Gulbi ya cika ya batse, fadama duk ta zama ruwa, babu hanyar zuwa gida sai ta jirgi. Jirage kuwa biyu ne a mashigin, na Arzika da na Yari.

Gida ya rikice. Kulu ta sake daɓen ɗaki, ta sa aka surfa shinkafa, ta wanke ƙore har suna ƙyalli. Arzika ya ce shi ba ruwansa, amma ran Laraba ya shigo da ƙatuwar tarwaɗa ya ce ita ta faɗa homarsa da kanta. Ya kuma shirya da Yari cewa shi zai ɗauko wancan.

Da safiyar Alhamis ya sauka gaɓa ya tarar da jirgin Yari a kife, Yari na zaune a kansa yana cin goro.

"Yoyo shika yi," in ji Yari.

"Jiya lahiya lau shike."

"Ciwo ba shi sallama, taubashi."

Arzika ya gaya masa abin da ya gaya masa, ya kwance jirginsa ya tafi, wai don masu kasuwa na jira.

Tun daga tsakiyar ruwa ya hango shi. Dogo, cikin kaki, akwatin ƙarfe a gefensa, yana tsaye sambal kamar an kafa shi. Ashe dai sojan sun koya masa. Jirgi ya taɓa gaɓa, mata masu albasa suka fara shiga, wasunsu ma su ne na wancan karon. Sama'ila ya durƙusa ya gaida ubansa, ya miƙe ya koma inda yake. Bai matso ba. Takalminsa na nan a kan busasshiyar ƙasa, taku biyu daga bakin jirgi, kowa kuma ya san dalili. Masu albasa suka zuba ido.

Arzika ya rasa ta inda zai fara. Sai ya kama abin da ya saba.

"Abin nan da ka aiko," ya ce, "an cuce ka. Ruwan ya yi. Amma mai zanen bai san yadda aka tsayi bisa jirgi ba."

"Ya sani, Baba," in ji Sama'ila. "Da hwarko miƙe yaz zana shi. Sau biyu nis sa shi ya goge."

"Kai kas sa shi?"

"Kwana ukku ina zuwa wurinai. Nir riƙe sanda nit tsaya gabanai ina gwada mai. Nic ce ya sauke wagga kahwaɗa, ya ɗaga wagga, ya yaga malhwa nan. Nic ce haka babana ka tsayi, in ba haka ba ba shi na ba. Ina son in rinƙa ganinka ko da ta baya na."

Babu wadda ta yi dariya a cikin jirgin. Arzika ya kai hannu ya taɓa gefen malfarsa, ya ji yagewar. Ya dubi ruwa. A nan bakin gaɓa ruwan kwance yake lumui, ba motsi ko kaɗan, babu wanda zai ɗora wa laifi. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke ciki.

Daga nan ya ɗago, ya miƙa gwangwalar. "Amshi," ya ce. "Kahwaɗata ka ciwo."

Sama'ila ya cire takalmi, ya ɗora akwati, ya shiga. Arzika ya ratsa ta cikin buhunan albasa ya zauna a can baya, a ƙasa, wurin da mai kwarfe ruwa ke zama, abin da bai yi ba shekara arba'in. Sama'ila ya kafa gwangwala ya tura, jirgi ya bar gaɓa. Da suka shiga ruwa mai ƙarfi, tsayuwar soja ta fara narkewa. Kafaɗar dama ta sauka a hankali, kafaɗar da ba dorinar da ta taɓa ta. Ta hagu ta ɗage. Ƙafa ta hau bakin jirgi.

Arzika ya buɗe baki, tsawar shekara goma ta zo har kan harshensa. Sai ya rufe. Yanzu ya san wanda ya koya wa yaron wannan tsayuwa, da kuma wanda yaron yake kallo tun yana riƙe da ƙoƙo. Idanunsa suka cika, ya ja malfa ya rufe fuska.

A can tsallake Kulu na tsaye, Yari a gefenta, jirginsa mai yoyo yana kan ruwa lafiya lau. Wata mai albasa ta sunkuyo ta tambayi Arzika a hankali yaya ya ga tuƙin sojan.

"Bar shi," in ji Arzika. "Daidai shike tsaye."