Kallon da Inna Ta Yi Mini a Djougou

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da ranar da na kai wani tsohon Bature ɗan Italiya gidanmu a Djougou.

Sana'arsa ɗaukar fim. Ya ce mini tun yana saurayi ya fara da riƙe wa manya fitila a Roma, har kyamara ta zo hannunsa, ya yi furfura a bayanta. Duniya ta kalli aikinsa, amma ba wanda ya san fuskarsa. Ni ne direbansa kuma tafintansa a Parakou, inda ya zo ɗaukar kasuwar shanu. Mutum ne mai cin rai: sai ya zaunar da mu yini guda, wai hasken bai yi masa ba.

Da aiki ya kai mu Djougou, ya nace sai ya ɗauke ni da mahaifiyata a fim. Ni ɗan fari ne. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sakar masa fuska. Na san al'ada ce, amma har na yi gemu abin yana ci mini rai.

Ya zaunar da ni kusa da ita, ya ce ta dube ni. Na fassara.

Inna ta ja mayafi, ta juya wajen ƙanwata. "Ki gaya wa wancan ya gaya wa baƙonsa, ni ba na wannan rashin ta-ido."

Matan gida suka kwashe da dariya. Na yi yaƙe. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Se fini," wato an gama, ya aike ni in juya mota. Ashe ɗabi'arsa ce, idan ya ce an gama ba ya kashe kyamara.

Bayan rasuwar Inna ya turo mini guntun hoton a waya. Ina zaune a unguwar Albarika a Parakou na buɗe. Ga ni na ba da baya ina tafiya, ga Inna ta ɗago kai tana bin ƙeyata da kallo, tana murmushi, leɓɓanta suna motsi da addu'a. Ba ta sauke ido ba sai da na fita zaure.

Na yi kuka kamar ranar da aka binne ta. Tun daga nan na daina auna ƙaunar mutum da abin da yake nuna mini a gaban idona.