Motar da Munzali Ya Rage wa Tsayi

Duk wanda ya taɓa kai motarsa gyaran wuta a bayan tashar Birnin Kudu ya san Munzali. Dogo ne, siriri, kuma a da ba a raba shi da dariya. In ka kawo masa fitilar da ta ƙi kamawa, to ka shirya shan labarin motocin da ba a ma gama ƙera su ba. Hannunsa na cikin wayoyin motarka, hankalinsa yana wata ƙasa. Zai ce maka akwai motar da ba ta da sitiyari, akwai mai ƙofofin da suke buɗewa sama, akwai wadda kafin ka gyara zama ta bar gari. Direbobi su yi ta masa tsiya, su ce, "To Munzali, ita wannan buhun gero nawa take ɗauka?" Shi kuwa ya girgiza kai, ya ce ƙauyanci ne zai kashe su.

Abin dariyar, shi ma ɗan ƙauye ne fitik. A wani ƙaramin gari da ke bayan Maruta, a ƙasar Gwaram, aka haife shi, inda mota ba ta shiga sai da dalili. Su biyu mahaifiyarsu ta bari a duniya, shi da ƙanwarsa Raliya. Tun yana yaro, in ya ji ƙugin mota daga nesa sai ya yar da fartanya ya sheƙa, ya dawo ya sha duka, gobe ma ya koma. Da aka gaji da dukan, aka haɗa shi da wani mai gyara a Birnin Kudu. Nan ya koyi sana'a, ya buɗe rumfarsa, ya auri Murja. Da wayar hannu mai kallo ta shigo hannunsa kuwa, sai abin ya zama ciwo. Wasu na sayen data don ƙwallo, shi tseren motoci yake kallo, ya kafa ido yana karkata jiki duk lokacin da mota ta sha kwana, kai ka ce shi ke riƙe da sitiyarin.

Ya daɗe yana gyara motocin mutane kafin Allah ya ba shi tasa. Wata tsohuwar Golf ce da mai ita ya yar a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a cikinta. Munzali ya bi ta a hankali har ta tashi, ya kai aka yi mata jan fenti. Tafiyarta ta farko, gida ya nufa da ita, ya je ya nuna wa Raliya.

A lokacin Raliya na da ƙaramin ciki. Haihuwarta ta fari da ƙyar aka ceto ta, sai da aka yi mata aiki, jaririn kuma bai zo da rai ba. A wajen awo an ja mata kunne cewa wannan karon kada ta kuskura ta zauna a gida, da ta ji alamar naƙuda ta nufi babban asibitin Birnin Kudu. Mijinta Salihu manomi ne, mutum mai haƙuri, abin hawansa keke da amalanken shanu. Ranar da ta ga motar ta zagaya ta, ta shafa gilashin, sannan ta dubi yayanta.

"Yaya, yau na samu barci," in ji ta. "In lokacin ya yi, kai za ka zo ka ɗauke ni ko?"

"Wannan ma tambaya ce?" Munzali ya ce. "Ki sa a kira ni kawai. Kafin ki ɗaura ɗankwali na iso."

Har zuciyarsa ya faɗa, wannan kam babu mai musu.

To, a wannan yanki akwai abin da kowane mai mota ya sani ba sai an koya masa ba. In ka sayi mota, kafin ma ka sa mata lamba, wajen makanike za ka kai ta a ɗaga ta. A ƙara mata sifirin mai ƙarfi, wato ƙarafan da ke ɗage jikin mota daga kan taya, a sa taya mai tsayi, domin hanyoyinmu ba na wasa ba ne, kuma duk mai mota a dangi shi ne motar asibiti, ko ya so ko bai so ba. Munzali ya san wannan sarai. Sai dai motocin da yake kallo a waya duk a ƙasa suke, cikinsu na kusan shafar titi, kuma tasa in ya dube ta sai ya ga kamar jaki a tsaye. Abin ya riƙa cizonsa.

Ana nan sai samarin gari suka shirya wasan mota bayan Babbar Salla, a wani fili da ke hanyar Unguwar Ya. Munzali ya samo wasu tsofaffin sifirin, ya kai wa mai walda ya yanke su, ya cire na motar ya sa waɗannan. Motar ta zauna daɓas. Ya fasa salansar, ta koma ruri. Sifirin na ainihin kuwa ya tura su ƙarƙashin bencin rumfarsa, ya ce da an gama wasa zai mayar, ai aikin safiya ɗaya ne, watan Raliya kuma da saura.

Ranar wasan ya ci kasuwa. Ya juya motar nan a fili har ƙura ta rufe ta, yara na ihu, samari na ɗaukarsa a waya. Mutumin da direbobi suka shekara suna yi wa dariya, yau shi ake nunawa. Daɗin da ya ji ranar bai taɓa jin irinsa ba, kuma daɗin ne ya cuce shi. Sati ya zagayo bai mayar da sifirin ba. Wani satin ma haka. Murja ta yi mita, don duk tudun da za a hau sai ta sauka ta taka da ƙafa.

"Maigida, wai yaushe za ka gyara abin nan ne?" ta tambaye shi. "Damina fa ta yi nisa, ga Raliya ta yi nauyi."

"Jumma'a mai zuwa," ya ce.

Jumma'ar ta zo ta wuce, ya ce ta gaba. Kullum in ya zauna a kan bencin nan dunduniyarsa na taɓa ƙarafan, ya ƙara tura su ciki da ƙafa.

Da hantsi kiran ya zo, washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Salihu ne. Ya ce ciwo ya taso wa Raliya tun ba a yi zato ba, kuma ta fara zubar da jini. Munzali ya miƙe ya dubi ƙarƙashin benci. In ya tsaya mayar da sifirin, azahar za ta same shi a nan. Ya faɗa mota ya ba ta wuta.

A kan kwalta motar ta yi abin da aka gyara ta dominsa. Ta kwanta a titi tana wuce manyan motoci kamar a tsaye suke. Akwai abin da Munzali bai taɓa gaya wa kowa ba game da wannan tafiya, kuma shi ya fi ci masa rai: a tsakiyar tsoron da yake ciki, ya ji daɗin gudun. Ya samu dalilin taka totur har ƙasa, babu mai ce masa don me. Har ya raya a ransa cewa yau masu tsiya za su ga amfanin motar.

Sai kwalta ta ƙare, ya karya ya shiga hanyar garinsu. Hanyar amalanke ce, ƙafafun amalanke sun haƙa rami biyu hagu da dama, ruwa ya ƙara zurfafa su, tsakiya kuma ta yi tudu da ciyawa a kai. Gero ya yi tsayi ta kowane gefe. Tun daga farko ya ji cikin motar na gurzar ƙasa. Ya lallaɓa, ya karkata, ya ɗora taya ɗaya a kan tudu, yana addu'a da ƙarfi. Yana hango kukokin garin ya ji wani ƙara daga ƙasa. Dutse ne ya fasa kaskon baƙin mai. Motar ta hau tudun ta zauna a kan cikinta, tayoyin na juyawa a banza, sannan injin ya yi shiru.

Da ƙafa ya ƙarasa, a guje, takalmi a hannu. Aka ɗaura shanu, aka shimfiɗa katifa a amalanke, aka kwantar da Raliya, wata dattijuwa na riƙe da kanta. Da suka iso inda motar take, sai ga wata masifar: ta toshe hanya. Maza suka taru suka tura, ta ƙi motsi. Dole aka sa adda aka sare geron mutane, aka bi da shanu ta cikin gona, ƙafafun amalanke na nutsewa a kunya. Munzali na tura amalanken ta baya, laka har gwiwa, bai iya ɗaga ido ya dubi ƙanwarsa ba. Rana ta take tsaka kafin su fito titi, suka tsaya jiran motar da za ta yarda ta ɗauke su.

Ma'aikatan asibiti sun yi iyakar yinsu. Suka shiga da ita ɗakin tiyata nan take, aka ƙara mata jini, har da na Munzali. Raliya ta rayu. Jaririyar, mace ce, ba ta yi kuka ba. Ma'aikaciyar da ta fito ta gaya musu rasuwar ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi sun makara.

Da za a zage shi, da ya samu sauƙi. Amma mutanen garinsu ba su san mota ba, abin da suka gani shi ne mutum ya kashe motarsa a kan hanyar ceton 'yar'uwarsa, ya yi gudu da ƙafa, ya ba da jininsa. Duk wanda ya zo jaje sai ya sa masa albarka. Hanya aka zaga, aka zagi masu alkawarin gyara ta. Bayan kaka Salihu ya zo har rumfa a kan kekensa, da zabi biyu da ƙullin riɗi.

"Yaya Munzali, ka yi haƙuri da wannan," ya ce. "Mun jawo maka asarar mota, ba mu da abin biyanka."

"Salihu, tsaya ka ji. Motar nan ni ne na..."

"Haba Yaya, kada ka ce komai. Abin da Allah ya rubuta ne. Kai ka yi naka."

Munzali ya karɓi zabin. Murja ce ta dafa, shi ko romon bai iya sha ba. Ita kaɗai ta san komai a gidan, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta daina shiga motar.

Ya gyara ta. Ya mayar da sifirin, ya ƙara wasu a kai, ya sa manyan tayoyi, har ta fi motocin kasuwa tsayi. Ta yi muni, samari suka daina kallonta. Surutun rumfa ya ragu, direbobi suka ce girma ne ya zo wa Munzali. Son motoci dai bai bar shi ba, ƙarya ne a ce ya bar shi. Wani lokacin in babu aiki yakan buɗe waya ya kalli tsere, ya rage muryar, da ya ji jikinsa ya fara karkata sai kunya ta kama shi ya kife wayar.

Da damina ta biyu ta kama, labari ya zo cewa Raliya na da ciki. Munzali ya ji kamar an buɗe masa ƙofa. Ya aika wa Salihu cewa a shirye yake, ko yaushe ne a kira shi. Tankinsa bai ƙara sauka daga cike ba. Duk bayan ruwa mai ƙarfi sai ya rufe rumfa ya tafi ya gwada hanyar, ya kai har gindin kukoki ya juyo, motar na wucewa ko gezau. Waya kuwa ko wanka zai shiga tana kan katanga.

Wata rana ya dawo gida cin abincin rana, ya tarar da takalman baƙi a ƙofar ɗakin Murja. Raliya ce zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, ga jakar kayanta da kwanuka a ɗaure a gefe. Watan haihuwarta bai ma kama ba. Ta gaishe shi da fara'a, ta ce ta zo ta zauna kusa da asibiti har Allah ya sauke ta.

"Wa ya kawo ki?" ya tambaya.

"Ɗan'azumi, mai motar kasuwa. Malam Salihu ya kai ni bakin titi."

"A cikin buhuna da awaki? Raliya, ga mota a tsaye, kullum ina jiran kiranku. Me ya sa ba ki sa an kira ni ba?"

Murja ta tashi ta fita tsakar gida. Raliya ta yi magana a hankali tana murza bakin mayafinta, ba tare da ta dube shi ba.

"Yaya, ranar nan da aka bi da ni ta cikin gona, idona biyu. Na ga motar. Ni ban san mota ba, amma na san ba haka tsayinta yake ba da ka fara kawo ta. Ban gaya wa Malam ba, ba kuma zan gaya masa ba. Na yafe maka tun ina gadon asibiti, Allah ne shaida." Ta ɗora hannu a kan cikinta. "Amma wannan ba zan iya zama in jira ka da shi ba."

Munzali ya sunkuya ya ɗauki jakar kayanta ya shigar mata ɗakin da za ta zauna.